Hukuncin Kotun ECOWAS Ya Hau Kan Gwamnati

Ga jawabin da wani lauya na jam'iyyarmu ya yi wa jama'a a taron mako:

Yau ina so in yi muku bayani a kan Kotun ECOWAS da ke zaune a Abuja, watau kotun ƙasashen Afirka ta Yamma, da ƙarfin hukuncinta.

Tun 2005 aka buɗe wa talaka ƙofar wannan kotu. Duk wanda gwamnati ta danne wa hakkinsa na ɗan Adam yana iya kai ƙara can kai tsaye, ba sai ya gama zagaya kotunan ƙasarsu ba. Amma ku lura, ba wurin ɗaukaka ƙara ba ne. Ba ta soke hukuncin alƙalan gida, abin da ta ke dubawa shi ne ko gwamnati ta cika alkawarin da ta sa wa hannu.

In ta yanke hukunci, shi ke nan, babu wata kotu a samanta da za a ɗaukaka ƙara. Kuma yarjejeniyar 1993 ta ce hukuncin ya hau kan kowace ƙasa da ke cikin ƙungiyar, ba shawara ba ce.

Ga misali. A 2008 kotun ta saurari ƙarar Hadijatou Mani, wadda aka sayar baiwa tana 'yar shekara 12 a Nijar. Kotu ta ce gwamnati ta kasa kare ta, ta ci ta tarar jaka 10,000 ta sefa, watau miliyan 10. Gwamnati kuwa ta biya.

To, ga ɗaya gefen. A watan Oktoba 2016 kotun nan ta ce tsare Sambo Dasuki ya saɓa wa doka, a sake shi, a biya shi naira miliyan 15. Gwamnatin Nijeriya ta yi kunnen uwar shegu, ba a sake shi ba sai Disamba 2019.

Me ya sa? Domin kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Takardar zartarwa ta ke aika wa ƙasar da aka kayar, a Nijeriya kuwa hannun Babban Lauyan Gwamnati ta ke faɗawa. Ashe an ba kura ajiyar nama ke nan!

Wani zai ce, ina ruwan talaka da shari'ar manya? Ruwanka ne, ɗan'uwa. Gwamnatin da ta take hukunci a kan babban mutum, kai kuma wa zai hana ta take naka? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sabo da haka mu ne 'yan sandan wannan kotu. Duk mai neman ƙuri'arku, ku tambaye shi a gaban jama'a: in kotu ta kayar da gwamnatinka, za ka bi ko za ka ƙi? Ku riƙe amsarsa har ranar zaɓe.

Allah ya ba gaskiya sa'a.