Mu da Maƙwabtanmu na Arewa

Jawabin da aka yi wa 'yan kasuwa da direbobin Nima da Mamobi

  

Tsadar abinci da faɗuwar da sidi ya yi a 2024 kun fi ni saninsu, don haka yau zan bar su. Maganar maƙwabta na kawo muku, Burkina Faso da Nijar, ƙasashen da kakannin da yawa daga cikinmu suka fito, kuma har gobe daga can albasa da tumatir da shanunmu suke zuwa.

Ranar 24 ga Agusta 2024, mutanen garin Barsalogho a Burkina Faso suna haƙa ramukan tsaro a bayan gari, bisa umarnin sojoji, sai 'yan ta'addan JNIM masu alaƙa da Alƙa'ida suka iso a kan babura suka buɗe musu wuta. An kashe sama da mutum 100, wasu rahotanni ma sun ce ɗaruruwa ne. Allah ya jiƙansu.

Kwana 4 bayan haka, ranar 28 ga Agusta, babban hafsan tsaron Najeriya, Janar Christopher Musa, ya sauka a Yamai, ya zauna da takwaransa na Nijar, Janar Moussa Salaou Barmou, suka amince su koma aikin tsaro tare. Ban ce Barsalogho ce ta kai shi ba. Amma ku tuna, Najeriyar nan ce ta rufe iyaka ta yanke wa Nijar wutar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Shekara guda ta ishe su su gane cewa mai bindiga a daji ba ya tsayawa a bakin iyaka ya nuna fasfo, kuma duk ranar da gwamnatoci biyu suka daina gaisawa, shi ne yake cin riba.

To, mu fa?

A watan Disamba 2022, Shugaba Akufo-Addo ya je taro a Washington. A gaban sakataren harkokin wajen Amurka, Antony Blinken, ya ce Burkina Faso ta ɗauko sojojin haya na Wagner daga Rasha, har ta ba su mahaƙar ma'adinai a matsayin lada. Burkina ta musanta, ta kira jakadanmu ta nuna masa ɓacin ranta, ta kuma kira nata jakadan gida. Cikin mako guda sai ga ministan tsaron ƙasa, Albert Kan-Dapaah, a Wagadugu yana gyara abin da baki ya ɓata. A watan Mayu 2023 shugaban da kansa ya je ya ga Kyaftin Ibrahim Traoré. Mun yaba da zuwan, gaskiya ce kuma sai a faɗe ta. Sai dai iyayenmu da ke nan, ku ne alƙalai: in maƙwabcinka ya yi abin da ya dame ka, ƙofarsa za ka ƙwanƙwasa, ko kuwa za ka hau jirgi ka kai ƙararsa wajen baƙo a gaban 'yan jarida? Wanda ka yi wa haka zai karɓi gaisuwarka, amma ba zai ƙara gaya maka sirrinsa ba. Aikin tsaron iyaka kuwa duk sirri ne. Wani ne zai ɗaga waya da tsakar dare ya ce mun ga babura sun nufo wajenku.

Ba a gama ɗinke wannan ba sai ga ta Nijar. Ranar 15 ga Agusta 2023 'yan ta'adda suka kashe sojojin Nijar 17 kusa da Koutougou, wajen iyakarsu da Burkina. Bayan kwana 2, a nan birninmu na Ankara, a barikin Burma Camp da trotro zai kai ka daga Nima kafin shayinka ya huce, manyan hafsoshin ECOWAS suka zauna suna tsara yadda za a kai yaƙi Yamai. Maƙwabci yana zaman makoki, mu muna shimfiɗa wa masu shirin yaƙarsa tabarma. 'Yan majalisarmu na NDC sun fito sun ce a bi hanyar magana. Kuma magana ce ta yi aiki: Sarki Muhammadu Sanusi na biyu da ayarin malaman Najeriya ƙarƙashin Shaikh Bala Lau sun sami ganin Janar Tchiani a lokacin da 'yan siyasa suka kasa. Ba a yi yaƙin ba, alhamdu lillahi, amma a watan Janairu 2024 Mali da Burkina da Nijar suka ce sun bar ECOWAS.

Kada wani ya fita nan ya ce mun goyi bayan juyin mulki. Mu da ƙuri'a muke neman mulki, kuma Shugaba Bazoum yana tsare har yanzu, abin da bai yi mana daɗi ba. Amma mutum ba ya zaɓen maƙwabcinsa.

Wa ya biya kuɗin wannan gaba? Ku tambayi 'yan albasa na Adjen Kotoku, waɗanda lorinsu ya maƙale a iyakar Nijar da Benin a watan Agusta 2023 albasar Galmi tana ruɓewa a buhu. Ku tambayi mata masu zuwa sarin tumatir ta Paga, da dillalan shanu na Tulaku a Ashaiman. A cikin wannan watan na Agusta ne aka tare ayarin 'yan kasuwa a Nohao kusa da Bittou, aka kashe mutane aka ƙone motoci. Direbobinmu sun san Bittou, ba ta da nisa da Bawku. 'Yan gudun hijirar Burkina suna nan a yankin Zebilla. Ko ruwan dam ɗin Bagre da ake saki duk damina ya cinye gonakin Arewa, sai da kyakkyawar magana da Wagadugu ake sanin ranar sakinsa a kwashe mutane.

Abin takaici, shirin tsaron iyaka da aka kafa a 2017, Accra Initiative, sunan birninmu yake ɗauke da shi, kuma Burkina tana cikin waɗanda suka kafa shi. Mu ya kamata mu zama masu shiga tsakani. Dattawan nan sun ga zamanin Rawlings da Thomas Sankara, lokacin da shugabannin biyu suke kai wa juna ziyara kamar wa da ƙane. Gadar nan ta bakin Nima an sauya mata suna zuwa Ako Adjei, amma har yau ka ce wa direba Sankara, ya san inda zai sauke ka.

Abin da muke so daga gwamnati ke nan. Shugaban ƙasa ya je Wagadugu da Yamai da Bamako da ƙafarsa, tun kafin a sake kashe wasu, kuma damuwarmu a faɗe ta a can cikin ɗaki. Jami'an tsaron Paga da Kulungugu su riƙa zama da takwarorinsu na ƙetare. In za a yi maganar hanya, a tafi da shugabannin direbobi da 'yan albasa, domin su suka san inda ake tare mota. Mun yi imani John Dramani Mahama, ɗan Bole, wanda ya shugabanci ECOWAS a 2014, zai iya wannan aiki.

An yi zaɓe ranar Asabar, 7 ga Disamba 2024.