Mrs, Miss ko Ms? Jawabina a Taron Ƙungiya



Farkon zuwana Ingila na rubuta wa wata mata takardar neman aiki, na kira ta "Mrs". A zatona girmamawa ce, irin Hajiyarmu ta gida. Ashe likita ce, kuma ba ta da aure. Ta mayar mini da amsa a gajarce, wai "Dr" ake kiranta. Aikin dai ban samu ba.

A nan "Mrs" matar aure ce, "Miss" wadda ba ta yi aure ba, "Ms" kuwa kamar Malama ce, ta dace da kowace. Kafin ku rubuta, ku duba yadda ta sa hannu. In Dakta ce ko Farfesa, ku ba ta muƙaminta. In kuna kokwanto, ku sa "Ms".

Allah ya sa mu dace.