YOGA: HORON JIKI DA ZUCIYA A ƘASAR INDIYA



A jawabina na yau ina so in yi muku bayani a kan wata tsohuwar al'ada ta mutanen Indiya wadda a ke kira yoga. Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin hoton mutum ya kafa kai a ƙasa, ƙafafu a sama, ko kuwa ya naɗe gaɓoɓinsa kamar gammo, a ka ce mana ai yoga ke nan. To, wannan reshe ɗaya ne kurum, kuma sai daga baya ya yi ganye.

Kalmar ta fito daga Sanskirit, watau tsohon harshen malaman Indiya, daga wani tushe mai ma'anar ɗaurawa a karkiya, kamar yadda a ke haɗa shanun huɗa. Mu masu aikin fassara, kalma ce da ta ke ba mu wuya. In ka ce "motsa jiki" ka rage mata ma'ana, in ka ce "ibada" ka bar wani sashe a baya. Ni dai na fi gamsuwa da "horo", irin wanda a ke yi wa doki har ya san linzami.

Fiye da shekara 1,500 da su ka wuce, wani malami mai suna Patanjali ya tattara wannan ilmi cikin gajerun jimloli 195 ko 196, gwargwadon bugun da mutum ya samu. Ya kasa shi mataki takwas. Na farko da na biyu ba su shafi lanƙwasa jiki ba ko kaɗan, gyaran hali ne: barin cutar da mai rai, faɗin gaskiya, barin sata, kame kai, tsabta da wadar zuci. Na uku shi ne asana, watau zama, kuma jimla uku kacal ya ba shi, domin abin da ya ke nufi shi ne mutum ya iya zama daram ba tare da jiki ya dame shi ba. Na huɗu sarrafa numfashi ne. Sauran huɗun duk aikin zuciya ne: janye hankali daga abin da ido da kunne ke kawowa, da tsai da shi a kan abu guda har ya natsu sarai.

Bari in ɗan dakata a kan numfashi, wanda su ke kira pranayama, domin a ganina nan ne hikimarsu ta fi fitowa fili. Kowa ya san mai fushi ko mai tsoro numfashinsa ya kan yi sauri, ya tsaya a ƙirji. Mutanen nan sai su ka ce, tun da zuciya ta kan sauya numfashi, ashe numfashi ma ya na iya sauya zuciya. Ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce mutum ya zauna, bayansa a miƙe, ya toshe ƙofar hanci ta dama da babban yatsa, ya shaƙi iska a hankali ta hagu, sa'an nan ya toshe hagu ya fitar ta dama, ya kuma juya. Likitocin zamani sun tabbatar cewa fitar da numfashi a hankali ya kan rage saurin bugun zuciya, ta hanyar jijiyoyin da ke sa jiki ya saki bayan firgita.

Yawan juye-juyen jiki kuwa daga baya ya zo. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 iri 15 kaɗai ya bayyana. A shekarun 1930 wani malami, Krishnamacharya, ya koyar a fadar sarkin Maisur, a kudancin Indiya, ya na haɗa tsohon horo da wasannin ƙarfafa jiki. Almajirinsa Iyengar ya fitar da littafi a 1966 mai ɗauke da iri wajen 200, a ka yi ta karanta shi a Turai da Amurka. A Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 21 ga Yuni ta zama ranar yoga ta duniya.

Game da lafiya, wajibi ne a faɗi abin daidai gwargwadonsa. A 2017 wata babbar ƙungiyar likitoci ta Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da mai daɗaɗɗen ciwon baya zai iya gwadawa kafin ya koma ga ƙwayoyi. Amfaninta matsakaici ne, kuma sai an dage a kai mako da makonni. Amma ba ta maye gurbin maganin hawan jini ko na ciwon sukari, kuma duk wanda ya ce muku ku ajiye maganin asibiti saboda ita, ku guje shi. Mai hawan jini, da mai ciwon wuya, da mai ciwon idon nan na gulokoma, kada su kuskura su yi tsayuwar kai. Mace mai juna biyu ta fara neman shawarar likita.

Sauran magana ɗaya, wadda bai kamata a ɓoye ba. Yoga ta tashi ne cikin addinan Indiya, wasu sassanta kuwa na ɗauke da ambaton abin bauta, har akwai jerin motsi da a ke kira gaisuwar rana. Saboda haka majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yin ta a 2008. A 2009 majalisar malaman Indunusiya ta hana irin wadda ke da waƙe-waƙen ibada, ta bar wadda ta ke motsa jiki zalla. Wasu limaman Kirista ma sun yi irin wannan jan kunne. Wanda zai shiga aji, sai ya tambayi mai koyarwa tun ran farko me a ke furtawa a wurin, kuma me ya ke nufi.

Kayan aikinta ba su wuce tabarma da ɗaki mai iska ba. A kan yi ta kafin a ci abinci, ko bayan ya faɗa, kuma inda duk gaɓa ta fara zafi, nan a ke tsayawa.