Ɗaukar Hoton Makaman Samurai a Gidan Tarihi



A 1876 gwamnatin Japan ta hana barden Samurai rataya takobi a bainar jama'a. Yau mai son ganin makamansu sai ya nufi gidan tarihi, kamar na ƙasa da ke Ueno a birnin Tokyo, wanda aka kafa a 1872.

To, mu masu kyamara, nan gizo ke saƙar. Sulken nan ba na zobba ba ne irin namu na hawan salla. Ƙananan sassan ƙarfe ne ko na fata, aka shafe su da danƙon itace mai sheƙi, aka haɗe da igiyoyin alharini. Haske kuwa yana cin launin alharini, wanda ya koɗe ba ya dawowa. Saboda haka aka rage hasken ɗakin, aka hana kunna fitilar kyamara. A ganinmu an yi daidai.

Takobi ya fi wuya. Zanen da wutar maƙera ta bari a kaifinsa, wato hamon, ba ya fitowa sai haske ya faɗo masa a karkace. Sai mu matsa dab da gilashi don kada hotonmu ya shiga, mu riƙa gusawa sannu-sannu har zanen ya bayyana, sa'an nan mu riƙe numfashi mu danna.