Kafin Zafi Ya Kama: Jawabi Ga Jama'armu Ta Bronx

Na san wasu daga aikin dare suka taso ko runtsawa ba su yi ba, don haka ba zan riƙe ku da yawa ba.

Maganar zafi ce da kuɗin wuta. Na hango Baba can yana murmushi, kuma na san abin da ke ransa: mutumin da ya tashi a Agadas, ko Sakkwato, ko Tamale, wa zai ba shi labarin zafi? Baba, da gaskiyarka, ranar can ta fi ta nan ƙuna. Amma a gida in dare ya yi sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a yayyafa ruwa a ƙasa, a kwana iska na kaɗawa. A nan kana hawa na biyar, cikin ginin bulo da ya wuni yana shan rana, taga ɗaya, ita ma bangon wani gini take kallo. Da dare bulon yake amayo zafin da ya sha. Ga danshi a iska, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya hucewa. Saurayi zai jure. Tsohuwa mai hawan jini ko ciwon sukari, dare uku a haka ya isa ya kai ta asibiti.

Ma'aikatar lafiya ta birnin New York tana fitar da rahoto a kan wannan duk shekara. Ɗaruruwan mutane ne ke mutuwa kowace bazara ta dalilin zafi, yawancinsu zafin ne ya tayar musu da ciwon da suke ɗauke da shi, musamman na zuciya. Baƙar fata sun ninka farar fata wajen mutuwar da zafi ke jawowa kai tsaye. Kuma galibi ba a kan titi ake faɗuwa ba, a cikin ɗaki ne, inda babu iyakwandishan, ko kuwa akwai shi amma ba a kunna ba. A watan Yulin 1995, zafin 'yan kwanaki ya kashe mutum sama da 700 a Chicago, da yawansu tsofaffi ne masu zaman kaɗaici da aka tarar a ɗakunansu, tagogi a rufe.

To, akwai taimako. Tun 1981 gwamnatin tarayyar Amurka ke da wani shiri da ake kira LIHEAP, wanda take raba wa jihohi kuɗi, kusan dala biliyan 4 a shekara, don a tallafa wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin makamashi. A jihar nan HEAP ake ce masa, kuma a cikin birni ofishin HRA ne ke karɓar takardu, wato ofishin nan da ake neman tallafin abinci na SNAP. Da yawanmu sun san HEAP na hunturu, na ɗumama gida. Na bazara ne ba a sani ba.

Ku saurara da kyau a nan, don nan ake ruɗewa. Tallafin bazara ba kuɗi ba ne da za a damƙa maka a hannu, kuma ba ya biyan bil ɗin wuta. Na'ura ake saya maka, iyakwandishan na taga, ko fanka in ɗakin ba zai ɗauki iyakwandishan ba, a turo masu aiki su kafa. A shekarun baya-bayan nan, abin da ake kashewa gida ɗaya yana kaiwa dala 800, ko 1,000 in irin wanda ake sakawa cikin ramin bango ne. Ana duba kuɗin da ke shigowa gidan gwargwadon yawan mutanen cikinsa. In kuna karɓar SNAP, wannan sharaɗin kun riga kun cika shi. Sai kuma a samu ɗaya daga cikin uku a gidan: mai shekara 60 ko sama, ko yaron da bai kai 6 ba, ko mai ciwon da zafi ke tsanantawa, da takardar likita. Ku dubi ɗakin nan. Gida nawa ne babu tsoho, babu ƙaramin yaro, babu mai asma? Abu na ƙarshe, ya zama ba ku da na'ura mai aiki, ko taku ta kai shekara biyar, kuma HEAP bai ba ku wata ba a shekara biyar da suka wuce.

Ana buɗe karɓar fom tsakanin tsakiyar Afrilu da farkon Mayu, wanda ya riga zuwa shi ake fara ba, kuma da kuɗin sun ƙare sai a rufe. An yi shekarun da kafin watan Yuli ya fita an rufe. Mu kuma halinmu, sai zafi ya hana mu barci muke tunawa. A lokacin an rabe. Kada kuma wani ya ce in ya wuce ni bana na nema baɗi. A watan Afrilun 2025 aka sallami ma'aikatan da ke kula da shirin nan a Washington gaba ɗaya, daga baya kuma aka kai wa majalisa kasafin da ya nemi a soke shi. Abin da ke hannun 'yan siyasa ba a ɗaga masa ƙafa zuwa baɗi.

Yanzu ga ɓangaren da ni ya fi damuna. Na shiga gidajen da iyakwandishan ke maƙale a taga, an lulluɓe shi da zane, Hajiya na zaune tana fifita da kwali. Me ya sa? "Con Edison za su kashe mu." Ba ta yi ƙarya ba, bil ɗin Yuli da Agusta ba wasa ba ne. Shi ya sa nake cewa abu biyu za ku nema, na'ura da rangwame. Tun 2016 hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta a jihar nan ta ɗauki manufar cewa kada kuɗin makamashi ya ci fiye da kashi 6 cikin 100 na samun gida mai ƙaramin ƙarfi. A kan haka kamfanin wuta na Con Edison ke rage wa masu HEAP, SNAP, Medicaid ko SSI wani abu a bil ɗinsu duk wata. Sau da yawa da kansu suke saka mutum, amma kada ku dogara da haka. In kun koma gida ku ɗauko bil, ku ba yaro mai karatu ya duba ko akwai layin rangwame. In babu, ku kira. Kuma ku duba sunan da ke kan bil ɗin. Mun san gidajen da har yau wuta ke zuwa da sunan wani ɗan'uwa da ya koma Kumasi ko Yamai tun tuni. Rangwamenka ba zai iske ka cikin sauƙi a sunan wani ba.

Wanda bashi ya riga ya taru masa, kada ya jefa wasiƙar cikin durowa. Dokar jihar ta tilasta wa kamfani ya ba ka damar biya kaɗan-kaɗan, kuma in ka nuna ƙarfinka bai kai ba, biyan bashin na iya sauka har dala 10 a wata, a kan bil ɗin da ke zuwa. In akwai marar lafiyar da yanke wuta zai jefa cikin haɗari, takardar likita tana tsayar da yankewar na kwana 30, kuma ana sabunta ta. HRA ma na da agajin gaggawa ga wanda aka aiko wa takardar yankewa. Duk waɗannan, kafin a yanke suka fi sauƙin samu.

Akwai masu cewa, ni ban zo Amurka don in yi bara ba. Alhaji, kai da kake tuƙa tasi awa goma sha biyu, ana cire maka haraji, kana biyan na saye a kowane kanti, daga ina kake jin kuɗin nan suka fito? Masu tsoron maganar takardun zama kuwa, tsoronsu da dalili, ba zan ce a yi gaba-gaɗi ba. Sharaɗin shi ne a samu ɗan ƙasa ko mai izinin zama irin wanda doka ta ambata a cikin gidan, kuma yaron da aka haifa a nan ɗan ƙasa ne. Amma dokokin shige da fice suna juyawa, don haka wanda ke da shari'a a gaba ko yake jiran katin zama, ya kira 311 ya ce yana son lauyan baƙi na kyauta, ya tambaya kafin ya sa hannu. Kada ya tambayi majalisar bakin shago.

In an kafa na'urar, ba sai ɗaki ya koma firji ba. A ajiye ta a kan 78, kusan 26 ke nan a ma'aunin da muka saba, a rufe labule da rana, a sanyaya ɗaki ɗaya kowa ya taru a ciki. Fanka kaɗai, in zafin cikin ɗaki ya haura 90, iska mai zafi kawai take juyawa. Ranar da aka yi gargaɗin tsananin zafi, birni na buɗe wuraren shan sanyi a ɗakunan karatu da cibiyoyin tsofaffi, 311 za su gaya muku mafi kusa. A irin ranakun nan, duk wanda ya san dattijon da ke zaune shi kaɗai, ya hau bene ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, waya ba ta isa ba.

Sai 'yan damfara. Duk wanda ya kira ya ce daga kamfanin wuta yake, za a yanke cikin awa ɗaya sai ka sayi katin kyauta ka karanto masa lamba, ɓarawo ne, kashe wayar. Wanda ya zo ƙofa yana neman ganin bil ɗinka, kada ka nuna masa lambar asusunka. Fom ɗin HEAP kyauta ne, ba a biyan kowa ko sisi.

Samarinmu da 'yan matanmu za su zauna a teburin baya da kwamfuta, su cika wa mai so fom ta shafin ACCESS HRA. Akwai masu Faransanci a cikinsu. Ku kawo katin shaida, takardar haya, bil ɗin wuta na ƙarshe, takardun haihuwar yara da shaidar albashi. Masu tasi da masu kitso, ku zo da takardun harajinku. Ɓangaren iyaye mata za a fara, don da yawansu sun bar girki a gida.