Diyyar Sojan Da Ya Ji Rauni A Bakin Aiki
Jawabi ga tsofaffin sojoji da iyalansu na Wuro Hausa, Yola



Ƙasar Adamawa ta daɗe tana ba da 'ya'yanta ga aikin soja. Wasu sun yi yaƙin Bama, wasu sun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, na baya kuma su ne suka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a cikin 2014. Da yawa sun komo gida ba ƙafa, ko ba ido, ko kuwa da harsashi a jiki.

Lalle ne a sani cewa abin da ake biyan irin waɗannan bayin Allah hakkinsu ne, ba alfarma ba. Dokar Fansho ta Sojoji, watau doka mai lamba 103 ta 1979, ta tanadi fansho ga wanda ya nakasa a bakin aiki ba da gangancinsa ba. A cikin 2004 an haɗa sojoji cikin tsarin fansho na adashi, amma a 2011 aka fitar da su, biyan ya koma hannun Hukumar Fansho ta Sojoji da ke Abuja.

To, amma hukuma ba ta aiki da tabo, sai da takarda. Kwamitin likitocin soja ne ke duba mutum, ya rubuta girman nakasar, ya kuma tabbatar cewa aiki ne ya jawo ta. Raunin da ba a rubuta ba tun yana ɗanye, bayan shekara ashirin yana da wuyar shaida. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.

Saboda haka wajibi ne kowane soja ya adana takardar sallama, da lambarsa ta aiki, da katin asibiti, da rahoton likitoci, ya kuma nuna wa iyalinsa inda suke. Wanda ya rasa hanya ya nemi ofishin Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji, ko hedkwatar Birged ta 23 a Yola. Kada a miƙa ainihin takarda ga ɗan kamasho; a ba da kwafi, a karɓi shaidar karɓa.

Ran 15 ga Janairun kowace shekara ake tunawa da 'yan mazan jiya da suka rasu. Na raye kuwa, girmama su shi ne a biya su hakkinsu tun suna da rai.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.