Ƙaramin Gandun Iyali a Yankin Babban Birnin Tarayya: Jawabi ga Magidanta

A cikin watan Fabrairu na 1976 Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta keɓe yankin Abuja domin gina sabon Babban Birnin Tarayya. A cikin wannan shekara kuma Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo, wadda ta gaje ta, ta ƙaddamar da Shirin Ciyar da Ƙasa, inda aka roƙi makarantu da barikokin soja da ma'aikatan ofis kowa ya noma wani abu, ko da a bayan ɗakinsa ne. Shugaba Shehu Shagari ya biyo da nasa shirin na bunƙasa noma a 1980. A watan Yuli na 2023 Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan sha'anin abinci, sa'an nan a 2024 ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Kiran dai bai canja ba, kuma duk lokacin da aka yi shi akan sami magidanta masu amsawa da zuciya ɗaya.

Abin takaici shi ne da yawa daga cikin masu amsawa ba su kaiwa damina ta uku. Ba lalaci ne ke kayar da su ba. Galibi sukan ɗauki abin da ya fi ƙarfin gidansu ne tun ranar farko, su zuba kuɗin sallama ko na adashi a kan kaji ɗari biyar ko bijimai biyu, alhali kuwa ba su san inda abincin dabbobin zai fito a watan Maris ba. Wannan jawabi an shirya shi ne domin magidanci mai ƙaramin ƙarfi wanda ke son ya kafa gandun da zai ci da iyalinsa, ya kiwata 'yan bisashe, ya rage zuwa kasuwa. Misalan duk daga yankin Abuja suke, amma mai sauraro a Kano ko Yola ko Ilorin zai ga abin da ya shafe shi.

Maganar fili

A sauran jihohin ƙasar nan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamnanta, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da filin noma a karkara. A Abuja ba haka abin yake ba. Sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce dukan ƙasar da ke cikin yankin mallakar Gwamnatin Tarayya ce, kuma Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke da ikon ba da ita. Saboda haka takardar ciniki da aka rubuta a ƙofar mai unguwa ko dagaci, komai yawan shaidun da suka sa hannu, ba ta zama hujjar mallaka a gaban hukuma ba. Mutane da dama sun gane haka ne sai ranar da motar rusau ta tsaya a bakin katangarsu.

Wanda aka yi wa tallar fili a Kuje, ko Kwali, ko Abaji, ko Bwari, ko Gwagwalada, lalle ne ya fara kai lambar filin ofishin AGIS, inda ake ajiye bayanan filayen yankin, a bincika masa kafin ya miƙa ko kobo. Wanda ba shi da halin mallaka kuwa bai kamata ya karaya ba. Gbagyi da Gade da Koro da Bassa da Gwandara da Ganagana suna noman wannan ƙasa tun kafin a yi mafarkin birni, kuma aron gona ko hayarta al'ada ce da suka sani. Sai a rubuta yarjejeniya ta shekara biyu ko uku a gaban shaidu, a faɗi iyaka, a faɗi wa ke da itatuwan da ke ciki. A filin aro ba a ginin siminti. Garke da akurki na kara da langa-langa sun isa, domin ana iya kwashe su.

Cikin birni kansa ba wurin kiwo ba ne. Hukumar Kare Muhalli ta Abuja tana hana sakin dabbobi a unguwanni da ajiye abin da zai dami maƙwabta da wari ko kuka. Mazaunin Garki ko Wuse ya tsaya ga lambun alayyafo da kuɓewa da tumatir a bayan gida ko a cikin buhuna. Ma'aikacin gwamnati kuma ya kwantar da hankalinsa: Ƙa'idojin Ɗa'ar Ma'aikata da ke cikin Tsarin Mulki sun hana shi gudanar da kasuwanci na kansa, amma sun ware noma sun halatta masa.

Ruwa da ƙasa

Allah ya yi wa yankin baiwar ruwan sama. Damina takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara kuwa yakan kai milimita 1,100 zuwa 1,600, watau ya fi na Kano da Sakkwato nesa. Amma daga Nuwamba zuwa Maris rafuka da yawa sukan ƙafe. Don haka lokacin duba fili shi ne tsakiyar rani, sa'ad da rijiyar maƙwabta za ta faɗi gaskiya. Filin da ya yi kore shar a watan Agusta yana iya zama fako a watan Fabrairu, akuya mai shayarwa kuwa tana bukatar lita uku zuwa huɗu kowace rana, saniya kuma fiye da lita 30 idan zafi ya tsananta.

Ƙasar yankin tana da duwatsu da gangare, ruwa mai ƙarfi kuwa yana kwashe ta. A ja kunya a gicciye da gangaren, kada a bi shi. Wanda ya ga yadda manoman Gbagyi ke tara tudun doya a jikin tsauni ya ga darasin da babu littafin da ya fi shi bayyanawa.

Lissafin harawa

A nan ne gandu ke tsayawa ko ya faɗi, don haka ya kamata a dakata a yi lissafi. Akuya ko tunkiya takan ci busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyin jikinta kowace rana. Akuya mai nauyin kilo 25, idan aka haɗa da abin da take tattakewa ta ɓata, sai a ce kilo ɗaya. Rani na wata biyar kwana 150 ne. Ashe akuya ɗaya tana bukatar kilo 150 na harawa da dusa kafin sabuwar ciyawa ta fito, awaki huɗu kuwa kilo 600. Magidanci ya je ya dubi rufin rumfarsa a ƙarshen kaka, ya ƙirga dammunan harawar da ya ɗora. Abin da ya gani shi ne adadin dabbobin da gidansa zai iya riƙewa. Duk wadda ya ƙara a kan wannan, da kuɗin cefane zai ciyar da ita, kuma a lokacin da harawa ta fi tsada a kasuwar Dei-Dei.

Wannan lissafi shi ke nuna abin da za a shuka. Kadada ɗaya, watau kimanin eka biyu da rabi, ta ishi iyali mai matsakaicin girma aiki. Masara ta ɗauki rabi, a bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin shuka da shuka. Gyaɗa ta ɗauki wani kaso, a kuma saka wake a cikin masara wajen watan Agusta. Amfanin gyaɗa da wake ya wuce na tukunya: su ne ke ba da harawa, saiwarsu kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, juya su da hatsi yana kuma rage ƙuduji. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da ire-iren masara da wake da gyaɗa masu suna SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT, malamin gona na yanki zai faɗi wanda ya dace da wuri. A gefe guda a bar rogo, domin shi ne rumbun da ke cikin ƙasa, ba ya bukatar buhu kuma yana jiran mai shi. Doya tana da daraja, amma irinta da aikinta suna da tsada; sabon shiga ya fara da tudu kaɗan.

Harawar gyaɗa a tattara ta da ganyenta kafin ya kakkaɓe, a shanya, a ɗaure, a ɗora a inuwa inda ruwa ba zai taɓa ta ba. A nan Abuja ruwan ƙarshen damina yakan riski gyaɗar da aka cire, sai harawa ta yi baƙi, ƙwaya ta yi fumfuna. Irin wannan fumfuna tana haifar da guba mai lahani ga hantar mutum da ta kaji, saboda haka masara ko gyaɗar da ta yi ta ba abin ba dabba ba ce, balle yara. Karan masara da dusa da ɓawon rogo da aka shanya sarai duk abinci ne. Kada a ƙone gona bayan girbi. Wanda ya cinna wa kara wuta ya ƙone abincin awakinsa da takin baɗi a dare ɗaya.

Dabbobin su kuma suna biyan bashi da taki. A riƙa share garke ana tarawa a rami tare da shara da toka, a bar shi ya ruɓe kafin a kai gona. Kashin kaji ɗanye yana ƙone shuka. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda ta bayyana a Nijeriya a 2016, sai an riƙa leƙa cikin kunnen masara tun tana ƙarama ake cin mata.

Waɗanne dabbobi

Kajin gida goma da zakara ɗaya, da awaki mata biyu ko uku, sun isa mafari. Kaza takan ƙyanƙyashe a kwana 21, akuya takan haihu bayan wata biyar, sau da yawa tagwaye, don haka garke ba ya daɗewa bai cika ba. Jar akuyar Sakkwato da tumakin 'Yankasa sun saba da ƙasar. Wanda ya ƙware, yana kuma da masarar ciyarwa, yana iya neman kajin ƙwai irin ShikaBrown waɗanda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika ta fitar. Rago ɗaya ko biyu a turke, a saye su wata uku ko huɗu kafin Babbar Salla, sukan fitar da kuɗin makarantar yara. Shanu a dakata da su. Cinsu da shansu sun fi ƙarfin kadada ɗaya, a kurmin bakin kogi irin na Gurara kuma akwai ƙudan tsando mai kawo sammore.

Danshin Abuja yana da nasa sharri. Akuyar da ta yi ƙiba a Katsina tana iya ramewa a Kwali saboda tsutsar ciki da kaska da ruɓewar kofato. A yi wa garke rufi, a ɗaga daɓensa ya zama busasshe, a ba da maganin tsutsa a farkon damina da ƙarshenta. Dabbar da aka sayo daga kasuwa a keɓe ta mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin sauran.

Cututtuka biyu ne suka fi share gidan ƙaramin makiyayi. Ɗaya ita ce annobar kaji da likitoci ke kira Niyukasil, wadda ta fi tashi da hunturu, ta bar akurki wayam cikin mako guda. Ɗayar kuwa annobar awaki da tumaki ce mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda ake kira PPR. Dukansu ba su da magani idan sun kama, amma suna da rigakafi, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ta samo asali tun 1924, tana yin su a nan gida. Dattawa suna tune da ɓarnar da bushiya ta yi wa shanu a 1983. Da allura aka yaƙe ta har aka bayyana ƙarewarta a duniya a 2011, ana kuma fatan yin haka ga PPR nan da 2030. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa ba zato, kada a yanka a ci, kada a garzaya da sauran kasuwa. A binne matattun a rami mai zurfi, a sanar da likitan dabbobi, domin murar tsuntsaye, wadda ta fara bayyana a Jihar Kaduna a 2006, tana iya kama mutum. Jami'ar Abuja tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Gwagwalada.

Mutanen gida da maƙwabta

Akwai wani irin manomi da Abuja ta yi yawansa, watau manomin Asabar da Lahadi. Yakan bar gona da garke a hannun yaron da bai san shi ba, ya zo ƙarshen mako ya tarar an ce kura ta ci, ko ciwo ya kashe. Dabba tana son ido safe da yamma. Idan babu wani ɗan gida da zai zauna a wurin, gara a tsaya ga shuka kaɗai, ko a ba amintacce kiwo bisa sharaɗin raba 'ya'ya kamar yadda aka saba. A gidan Bahaushe kuma awaki da kaji galibi na mata ne, kuɗinsu nasu ne. Maigidan da ya sayar da akuyar uwargida ba da saninta ba, ya rasa mai ba sauran ruwa. Yara su taimaka da yankan ciyawa bayan an tashi daga makaranta, ba a lokacinta ba.

Daga ranar da aka yi shuka har a kwashe amfani, awaki su kasance a ɗaure ko a killace, domin akuya ɗaya a cikin waken maƙwabci tana iya kai mutum gaban alƙali. Idan akwai Fulani a kusa, kamar a kewayen makiyayar Paikon-Kore, a nemi ardonsu tun da wuri, a san inda burtali ya bi kada a shuka a kansa. Bayan girbi ana iya shiryawa shanunsu su kwana a gona su ci ragowar kara su bar taki, muddin an riga an kwashe rabon awakin gida.

Waken da aka sussuka a shanya shi ya bushe ƙayau, a zuba a buhu mai ninki uku, a matse iska a ɗaure kowane ninki dabam. A haka ƙwari ke mutuwa ba tare da an zuba wa abincin iyali guba ba. A kuma sami littafi guda a riƙa rubuta ranar shuka, da ranar allura, da ranar barbara da haihuwa, da duk abin da aka kashe ko aka sayar. Da wannan littafi za a je wurin malamin gona a ofishin aikin gona na ƙaramar hukuma kafin ruwan Afrilu ya sauka, a duba tare ko harawar bana ta kai a ƙara akuya ɗaya.